Ta Taɓa Ka, Tsoho

Hanya ɗaya ce ke shiga Monte Cenizo, ita ce kuma ke fita, rake ya rufe ta dama da hagu har ya shanye kan mutumin da ke bisa babur. Duk wanda ya taɓa yin alƙalancin wasan pelota, ƙwallon da ake bugawa da sanda, a yankinmu ya san hanyar nan, kuma ban taɓa jin wanda ya ce yana marmarin sake bin ta ba.

Ranar Lahadin da za a yi wasan ƙarshe na gasar ƙauyuka, Eusebio Polanco, wanda kowa ke kira Chebo, yana zaune a bayan babur ɗin abokin aikinsa Nisio, jakar kayansu a kan cinya. Shekara ashirin da shida ke nan yana alƙalanci ran Lahadi, sauran ranaku kuma yana facin taya a bakin kasuwar garinsu. Nisio ne uban baftismar 'yarsa, don haka ba sa kiran juna da suna, sai dai kompadre, kamar yadda al'adarmu take.

"Kompadre, ka yi tsit kamar mai zuwa jana'iza," in ji Nisio, yana kauce wa rami.

"Kalli gabanka, ƙaton banza. Da wannan tumbin naka ko rijiya muka faɗa kai ba za ka ji komai ba."

"Ai don tumbin nan ne zan tsaya bayan mai cafewa yau, ƙwallo ta buge ni ta koma inda ta fito. Kai tafi tsakar fili ka sha iska, tsufa ya kama ka."

Chebo bai yi musu ba, daɗi ma ya ji. Alƙalai biyu ake sawa a gasarmu: ɗaya a bayan mai cafe ƙwallo, a wurin bugu da muke kira gida, yana duba kowace jifa, ɗaya a fili yana lura da zanguna ukun da 'yan wasa ke zagayawa kafin su dawo gida su ci maki. Na bayan mai cafewa shi ke shan zagi tun daga jifar farko. Na fili kuwa wani lokaci har a tashi babu wanda ya tuna da shi, kuma abin da Chebo yake roƙo ke nan a ranar, a manta da shi har ya koma gida da ƙafafunsa.

Dalili kuwa shi ne Fello, wani alƙalin gasar kamarsu. Shekara uku da suka wuce Fello ya fitar da ɗan wasan Monte Cenizo a bakin gida, a zagayen ƙarshe, kuma kowa ya san gaskiya ya yanke. A fili babu wanda ya ce masa uffan. A cikin raken nan aka tsinci babur ɗinsa a tsaye, shi kuwa sai washegari da hantsi aka gan shi. Yanzu yana zaune a ƙofar gidan 'yarsa, hannun dama ba ya ɗaguwa, 'yan sanda kuma sun rubuta cewa faɗuwa ya yi. Gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah.

Tun kafin su hango filin ƙamshin nama ya tare su. An riga an yanka awaki shida, mata suna ta juya tukwane a gindin mangwaro, alhali ko jifa ɗaya ba a yi ba. Wannan ya dami Chebo ƙwarai. Mutanen da suka dafa naman biki kafin a yi wasa ba su bar wa kansu ƙofar shan kaye ba.

Attajirin garin, wanda ake kira Don Lisandro, shi da kansa ya taso ya tarye su. Shi ne mai shanun garin da motocin ɗaukar rake, shi ke ɗinka wa ƙungiya riguna, kuma shekara goma sha biyu ke nan yana jiran kofin nan. Mutum ne siriri mai sanyin murya, ban taɓa jin ya ɗaga ta ba, ba ya ma bukata.

"Malam Eusebio, sannu da hanya. An ce duk yankin nan babu mai idonka."

"Mutane ne da faɗa, Don Lisandro. Muna dai ƙoƙari."

"To madalla. Ka ga rake ya yi kyau bana? Duhu gare shi. Idan an tashi zan sa yara su raka ku har bakin kwalta, kada dare ya yi muku a ciki." Ya dafa kafaɗar Chebo, ya ɗan matsa. "Mu dai adalci muke so, ba komai ba."

Da ya juya, Nisio ya yi ƙasa da murya. "Ka ji hannunka mai sanda?"

"Na ji. Sa sulkenka mu fara."

Baƙin sun zo ne daga Boca Prieta, masunta ne da leburorin tashar jirgin ruwa, mota ɗaya ta kwaso su da 'yan rakiyarsu da ba su kai ashirin ba. Mutanen gari kuwa sun cika bencin katako, sun hau katanga, wasu sun jeru a gefen layin farar ƙasa. Da yawansu daga gona suka wuto, addunansu a rataye, kwalaben giyar rake suna yawo daga hannu zuwa hannu. A cikin baƙin akwai wanda Chebo ya sani sosai, Marino, mai tsaron tsakanin zango na biyu da na uku. Magidanci ne mai 'yan biyu, kuma shekara goma Chebo yana yi masa alƙalanci bai taɓa jin ya ɗaga wa alƙali murya ba. Ko an zalunce shi sai dai ya kakkaɓe wandonsa ya koma wurinsa.

"Barka da rana, tsoho," in ji Marino, yana buga safar hannunsa ta fata da dunƙulen hannu. "Yaya gwiwa?"

"Tana nan tana gaishe ka. Yaya 'yan biyu?"

"Sun cinye ni da rai. Yau dai ka buɗe ido, filin nan duk tsakuwa ne."

Wasa ya tafi lafiya har zagaye takwas. Nisio ya sha zagi iri-iri, wata tsohuwa ta yi ta ihun "Alƙali makaho, wa ya sayar maka da idon kifi?" har muryarta ta dishe, shi kuwa ko a jikinsa. Chebo ya yanke hukunci uku masu wuya, biyu sun yi wa 'yan gida daɗi, ɗaya bai yi ba, aka yi gunaguni aka wuce. Sai dai da aka shiga zagaye na tara, baƙi suna gaba da uku da biyu, surutu ya fara raguwa. Masu sayar da soyayyiyar ayaba suka daina kira. Chebo ya lura mutanen gefen layi sun matso taku biyu cikin fili, kuma babu wanda ya ce su koma.

'Yan gida ne ke bugu na ƙarshe. An fitar da mutum biyu, saura ɗaya a tashi. Amma suna da ɗan wasa a zango na biyu, da wani a na uku, zangon farko kuma babu kowa. Duk ƙwallon da ta tsallake masu tsaron ciki, mutum biyun nan za su shigo gida, kofi ya zama na Monte Cenizo.

In akwai masu gudu a zanguna, alƙalin fili yakan shigo ciki ne ya tsaya a bayan mai jifa, a gaban masu tsaro. Nan Chebo ya tsaya, ya sunkuya, hannuwa a gwiwa, Marino yana bayansa ta dama da kamar taku shida. Wurin yana da doka guda da Chebo ya sha koya wa sababbin alƙalai har suna gajiya da shi. Idan ƙwallon da aka bugo ta riga ta wuce mai tsaron ciki sannan ta same ka, kai da dutse ɗaya ne, wasa ya ci gaba. Idan kuwa ta same ka kafin ta kai gare shi, to ka hana shi aikinsa, ƙwallo ta mutu nan take. Mai bugu ya tafi zangon farko, duk wanda ba a tura shi gaba dole ba ya koma inda ya taso. Kuma kai da ta taɓa, kai za ka ɗaga hannu biyu sama ka faɗa, domin sau da yawa kai kaɗai ka sani.

Mai jifa ya saki ƙwallo, sanda ta yi ƙara.

Ƙasa-ƙasa ta taho, da gudun da ido bai iya bi, ta wuce mai jifa ta nufo Chebo kai tsaye. Ya yi tsalle, amma tsallen ɗan shekara hamsin da takwas. Ƙwallon ta daki ƙasa dab da takalminsa, ƙura ta tashi, a cikin ƙurar nan ta same shi a ƙwaurin hagu, zafin ya hau har ƙwaƙwalwarsa. Ta karkace da kamar taƙi ɗaya. Marino ya riga ya miƙe da safarsa daidai inda ya kamata ta biyo, sai ta wuce ta gefen yatsunsa ta gangara bayan fili.

Numfashi ɗaya Chebo yake da shi. Hannuwansa sun san aikinsu, da kansu suka fara tashi. A lokacin ya ga na zango na uku ya taka gida, na biyun yana tafe a guje, ya ga bencin katako ya miƙe gaba ɗaya, ya ga Don Lisandro tsaye ya cire hula yana kallonsa, shi kaɗai, ba masu gudu ba. Ya tuna da raken, da babur ɗin Fello a tsaye. Hannuwan suka kai daidai ƙugunsa suka tsaya, ya mayar da su ya gyara ɗamararsa.

Gari ya fashe da ihu. Mutane suka kwararo cikin fili, ana ta harba bindiga sama, an ɗaga mai bugun a kafaɗa. Chebo ya tsaya cak, ya ɗora nauyinsa a ƙafar da ke masa zugi don kada a gane. A ransa yana cewa shi ke nan, an gama, kowa zai ce tsakuwa ce ta karkatar da ita.

"Tsoho."

Marino ne, ƙirjinsa duk jar ƙasa. Bai yi ihu ba, kusa ya matso kamar mai gaya wa mutum ya manta zip ɗin wandonsa.

"Ta taɓa ka, tsoho. Na ji ƙararta. Ɗaga hannu kawai, su koma, mu ƙarasa. Wataƙila ma su ci mu a bugu na gaba, ba komai, amma a yi shi daidai."

"Tsakuwa ce, Marino. Kai da bakinka ka ce filin duk tsakuwa ne."

"Na san ƙarar tsakuwa, na san ta ƙashi. Haba, Baba Chebo. Kai ne fa."

Wannan "kai ne fa" ta fi ƙwallon zafi. Sai ga kocin baƙi ya iso yana kumfar baki, ya jawo Nisio da hannu. Mutanen gari da suka ga taro a tsakiyar fili suka fara kewayowa, ihun murna ya ragu, aka koma sauraro. Nisio ya cire abin rufe fuskarsa, gumi yana zuba. Mai jifa ne ya kare masa, bai ga komai ba, doka kuma ta ce ya tambayi abokin aikinsa a gaban kowa.

"Kompadre, ƙwallon nan ta taɓa ka?"

Idon Nisio yana roƙonsa a bar kaza cikin gashinta. Ta bayan kafaɗarsa Chebo yana hango Don Lisandro ya taho a hankali, mutane suna buɗa masa hanya.

"Ba ta taɓa ni ba," in ji Chebo, da ƙarfi, yadda na baya ma za su ji.

"To an tashi!" Nisio ya yi maza ya juya.

Da Marino ya kakkaɓe wandonsa ya tafi kamar yadda ya saba, da labarin ya ƙare a nan, da Chebo ya koma gida da kunyarsa shi kaɗai. Amma mai haƙuri ranar da ya ƙi, ya ƙi ke nan. Ya jefar da safarsa ƙasa.

"To ɗaga wandonka mu gani. In babu komai, ni Marino zan durƙusa a nan in roƙe ka gafara a gaban garin nan."

"Tafi gida, yaro. Don Allah tafi gida."

"Ɗaga wandon kawai!"

Sai ya sunkuya ya kama bakin wandon Chebo na hagu zai ɗaga da kansa. Chebo ya fizge ƙafar ya ja da baya, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya zube zaune a ƙasa.

A wurinmu ka zagi alƙali, ka zagi uwarsa, ka watsa masa ƙasa a takalmi, duk cikin wasa ne. Amma ba a sa masa hannu a cikin fili. Su mutanen Monte Cenizo, waɗanda suka san abin da ya sami Fello a cikin rake suka yi shiru, su ne ranar suka tuna da wannan doka.

"Ya doki alƙali!" wani ya ƙwala. "Ya kayar da tsoho!"

Abin da ya biyo baya bai kai minti biyu ba. Chebo yana zaune a ƙasa, ƙafafun mutane suna tsallake shi, yana jin ƙarar duka kamar ana sussukar wake. Ya yi ihu, ya ce ku bar shi, ya ce bai taɓa ni ba, har ma ya ce ta taɓa ni, ta taɓa ni, amma a lokacin ko shi kansa ba ya jin muryarsa. Ya ga sandar bugu ta tashi sama sau ɗaya, ta sauka. Sai Don Lisandro ya ɗaga hularsa, kowa ya ja da baya kamar ba su ba.

'Yan Boca Prieta suka ɗauki Marino su huɗu, kansa yana lilo, suka sa shi a bayan mota. Babu wanda ya tare su. Don Lisandro ya miƙa wa Chebo hannu ya tayar da shi, har ya kakkaɓe masa ƙurar baya.

"Ka ga mutanen bakin teku ba su da tarbiyya. Kada ka damu, Malam Eusebio, a garin nan ba a taɓa mutumin kirki muna kallo. Zo ka ci abinci."

Daga tsakiyar fili zuwa gindin mangwaro taku ɗari ne da wani abu, kuma dole Chebo ya yi su ba tare da ɗingishi ba, idon gari duka a kansa, ana ta shafa masa baya. Aka zaunar da shi a dama da Don Lisandro, aka cika masa kwano da shinkafa da wake da naman akuya. Tsohuwar nan mai zagin Nisio ta zo ta sumbaci goshinsa, ta ce Allah ya ƙara mana irinka. Ya ci, domin ƙin ci ma magana ce. Yana jin ƙwaurin yana kumbura yana cika wandon, kowace loma kuma kamar ya haɗiyi tsumma.

Aka raka su da babura huɗu har bakin kwalta, rana ba ta faɗi ba. Ya fita daga raken lafiya, abin da ya roƙa tun safe ke nan. Sai da 'yan rakiyar suka juya Nisio ya yi magana, bai waiwayo ba.

"Ba zan tambaye ka komai ba, kompadre. Kai ma kada ka gaya mini."

Washegari Chebo bai buɗe rumfar faci ba. Ya ce wa matarsa gwiwa ce ta tashi, ya hau motar haya zuwa babban asibitin lardi, inda ya ji an kai Marino. Yanzu kam ɗingishin ya fi ƙarfin ɓoyewa, da bin bango ya isa ɗakin. Wata mata ce zaune a bakin gadon, siririya, idanunta sun kumbura, da ganinsa ta miƙe ta tura masa kujerarta.

"Zauna, Baba, ƙafarka ba lafiya. Cikin abokan wasansa kake?"

"Na san shi dai," in ji Chebo. Bai zauna ba.

An naɗe kan Marino da farin ƙyalle har gira. Idanunsa a buɗe suke, suna kallon silin, leɓensa yana motsi.

"Tun da ya farfaɗo maganarsa ɗaya ce," in ji matar. "Ta taɓa shi, ta taɓa shi. Ni bai gane ni ba, na kawo masa 'yan biyu bai gane su ba. Likita ya ce sambatu ne, wai mu jira mu gani, wataƙila ya dawo, wataƙila kuma haka zai zauna."

Chebo ya matsa kusa da gadon. Ya ɗora ƙafar hagu a kan ƙarfen gadon, ya naɗe wandon da ƙyar saboda kumburi. Ƙwaurin ya yi baƙi ƙirin, a tsakiyarsa kuma ga shatin ɗinkin ƙwallo, layi biyu a lanƙwashe, raɗau kamar an buga hatimi.

"Marino. Ni ne, Chebo. Duba nan. Gaskiyarka ce, ta taɓa ni. Duba mana, ɗana."

Idanun ba su sauko daga silin ba. Leɓen ya ci gaba da motsinsa.

Matar ce ta duba. A ƙasarmu babu macen da ta girma da 'yan'uwa maza da ba ta san wannan shati ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗago ta kalli fuskar Chebo, ya ga lokacin da ta gane ko shi wane ne. Ya so ta yi ihu, ta mare shi, ta tara masa jama'a, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta jawo kujerarta ta zauna, ta kama hannun mijinta.

"An ce mini jiya ya roƙe ka ka ɗaga wandon nan," ta ce. "Sauke abinka, Baba. Yau babu mai gani."